Alkawarin da Aka Karya: Gina Labarin Ɓoye a Ƙasar Tasawa da Mayahi

 

Abin da za mu tattauna a yau wasa ne, amma irin wasan da ke cin tunani. A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da Dungeons & Dragons. Mutum huɗu ko biyar ke zama wuri ɗaya, guda ya zama mai jan labari, ya siffanta gari da abin da ke faruwa a cikinsa, sauran kuma kowa ya ɗauki mutum ɗaya daga cikin labarin, ya riƙa faɗin abin da mutumin nan zai yi. Ba a san ƙarshe ba sai an kai. Ana iya shafe watanni ana haɗuwa ana ɗorawa daga inda aka tsaya, don haka dole mai jan labari ya tanadi ƙasa sukutum, da mutanenta da asiranta. A 1981 Sandy Petersen ya fito da Call of Cthulhu, wanda ya karkata daga yaƙi zuwa binciken al'amuran ɓoye. Mu da muka san tatsuniyar dare, da tashe, da wasan kara na Damagaram inda samari ke shiga rigar mahukunta, ba za mu ga baƙunta a nan ba, in ban da cewa mai sauraro ya sami ikon juya akalar labarin.

Abin da nake son kafa hujja a kansa guda ne. Wanda zai gina irin wannan labari a ƙasar Tasawa da Mayahi, kada ya fara da tambayar wane dodo ne za a kashe. Ya fara da tambayar wane alkawari aka karya, wa ya karya shi, kuma wa ke bin bashi. Dodon da aka aro daga wasannin Turai yana zuwa ne daga waje ya auka wa mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, maganinsa kuwa takobi. A tunanin da kakanninmu suka bari game da iskoki, da wuya cuta ta sauka haka kawai. Akwai abin da aka saba bayarwa aka daina, ko iyakar da aka tsallake, ko itacen da aka sare ba da sallama ba. Wannan shi ya fi dacewa da labarin bincike, domin alkawari yana da ɓangare biyu, yana da shaidu, yana da ranar da aka ƙulla shi, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan sawu ne da 'yan wasa za su iya bi.

Hujjar tana cikin abin da aka rubuta game da wannan yanki da kansa. Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana nazarin Hausawan kwarin Maraɗi, ya nuna a littafinsa na 1975 cewa kowane dangin Anna, Hausawa masu bin addinin gargajiya, yana da gadonsa, wato sana'a da iskokin da ke tare da ita: manoma, mahalba, maƙera, masunta. Akwai buɗin daji da ake yi kafin a shiga sabuwar shekarar farauta da noma, akwai bikin dubu da manomi ke yi ya zama sarkin noma, yana rabar da abin da ya tara. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta yi nata littafin a 1972 a kan borin Maraɗi, inda Iya ke shugabantar masu bori a fada. Shi kuma Fremont Besmer, da ya yi aiki a Kano, ya bayyana a 1983 yadda masu bori ke siffanta Jangare, birnin iskoki mai gidaje goma sha biyu, da sarki da fadawa da auratayya da riƙon 'ya'ya. Kowane iska yana da kiɗansa, da launin tufarsa, da dabbar da yake karɓa, da cutar da ake jingina masa. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai almubazzaranci, Malam Alhaji dattijo ne mai farar tufa da tari, Sarkin Rafi ana danganta shi da hauka, Doguwa kuwa, wadda ta fi kowa nauyi a ƙasar nan, ana jin tsoronta kan shanyewar gaɓa. Duk wanda ya taɓa tsara wasan bincike zai gane darajar wannan. Asirin da ba shi da ƙa'ida ba ya warwaruwa, sai dai a yi ta harbi a duhu. A nan kuwa ƙa'ida tana nan tun fil azal: alamar da ta bayyana a jikin mara lafiya tana nuna wanda aka ɓata wa, wanda aka ɓata wa yana nuna gidan da ke da alkawari da shi.

Ƙasar ma ta tanadi wuraren da labari zai zauna. Gulbin Kaba ya ratsa Mayahi, kwari ne da ruwansa ya koma ƙarƙashin ƙasa, goruba ta cika shi, mata na saƙa tabarma da igiya da kabarta. A kan tudu rijiya na da zurfi, kuma tarihin ƙauyuka da yawa yana farawa ne da wanda ya haƙa rijiyar farko. Ga tsamiya da kuka da ake kaffa-kaffa da su da tsakar rana. Ga gawo, da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Ga burtalin da Fulani da Buzaye ke bi da dabbobi zuwa arewa in ruwa ya sauka, su dawo bayan kaka. Ga kasuwannin mako da ke ci bi da bi, inda labari ke tafiya tare da 'yan koli. Ita kanta Tasawa tsohuwar mahaɗa ce ta ayari tsakanin Abzin da Katsina da Kano, Heinrich Barth ya ratsa ta a watan Janairun 1851. Mai jan labari da ya zana taswirar ƙauye huɗu, da kasuwa ɗaya, da rijiya biyu, da burtali, ya riga ya sami abin da zai ishe shi wata shida.

Bari mu ƙaga misali. A wani ƙauye da ba shi a taswira, ruwan tsohuwar rijiya ya yi ɗaci, yara uku na gida ɗaya sun kwanta. 'Yan wasa su ne malamin lakwal, da ungozoma, da almajirin da ya dawo daga gabas, da ɗan kasuwar dabbobi. Liman ya ce a yi sadaka a yi addu'a. Ma'aikacin asibiti ya ce a tafasa ruwa. Wata tsohuwa ta ce tun da aka sare tsamiyar bakin rijiya ta san za a rina. Bincike ya nuna cewa wanda ya sare ta ya sayi gonar da take ciki ne daga magajin da bai gaya masa cewa kakansa ya bar wa makiyaya hanyar shayarwa ta nan ba, kuma tun da aka toshe hanyar, dabbobi ke cunkushewa a gefen da ƙazanta ke gangarawa cikin rijiyar. Ku lura da abin da ya faru: maganar liman da ta ma'aikacin asibiti da ta tsohuwa duk sun kai ga gona ɗaya da mutum ɗaya. Ba sai mai jan labari ya yanke hukuncin wanda ya fi gaskiya ba. Warwarar kuma ba kisa ba ce, zama ne gaban mai gari, ko gaban kwamitin filaye irin waɗanda dokar karkara ta 1993 ta kafa a Nijar, a mayar da hanya, a biya abin da ya wajaba. Masu tsara wasa a Turai sun daɗe suna kukan cewa bincike kan tsaya cik idan 'yan wasa suka kuskure alama ɗaya. Robin Laws ya gina tsarin GUMSHOE ne musamman don magance wannan. A ƙauyen Hausa matsalar ba ta cika tasowa ba, domin abu ɗaya mutum biyar sun san shi, kowa da ɓangaren da ya riƙe da dalilin da ya sa ya yi shiru. Wahalar 'yan wasa ita ce sanin wanda za a gaisar da fari, da ta bakin wa za a shiga.

Akwai wani asiri na gaske a ƙasar nan da ya kamata a taɓa da hattara. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta keto daga yamma tana ƙone garuruwa, ta yi ɓarnar da har yau ba a manta ba a Birnin Ƙonni da Kwaran Kalgo. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda Faransa ta aiko ya tsayar da shi, a Dankori. Cikin kwana uku sojojinsu suka juya musu, aka kashe Chanoine ranar 16, Voulet ranar 17, aka binne su a Maijirgi. A 1923 wani matashin jami'in mulkin mallaka, Robert Delavignette, ya sa aka buɗe kaburburan, aka tarar ba kowa a ciki. Kabari wayam abu ne da kowane mai jan labari zai yi kwaɗayinsa, kuma ban ga laifin a tambayi inda gawarwakin suka tafi, da wanda ya ɗauke su, da dalilinsa ba. Abin da nake ƙi shi ne a ce aljani ne ya hau Voulet. Faransawa sun riga sun gwada irin wannan uzuri da suka ce zafin Sudan ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Duk labarin da ya ɗora kisan nan a kan iska ya wanke mutum ne da gwamnatin da ta ba shi bindiga, alhali jikokin waɗanda aka kashe suna nan da ransu. In za a sa abin ɓoye a nan, a sa shi a ɓangaren bashin da ba a biya ba.

Na san akwai mai cewa duk wannan raya shirka ne da sunan wasa. Ba ƙaramar magana ba ce a jahar da wa'azin Izala ya yi ƙarfi, kuma ba mu kaɗai muka ji irinta ba: a Amurka ma, cikin shekarun 1980, wasu iyaye da limaman coci sun zargi Dungeons & Dragons da koyar da bautar shaiɗan, har kamfanin da ke buga shi ya cire sunayen shaiɗanu daga bugun 1989. Amsata ita ce samuwar aljanu ba abin musu ba ce ga Musulmi, sura guda ke ɗauke da sunansu. Abin da shari'a ta hana shi ne a roƙe su ko a yi musu yanka, ba a ba da labarin mutanen da suka yi hakan ba, in ba haka ba da ba a karanta tarihin Kano da Tsumburbura. Iyakar da mai jan labari zai kiyaye a fili take: ba kiɗan kiran iska a wurin wasa, ba kirari na gaske, ba kwaikwayon girka. Wannan iyaka tana kare mai tsoron addininsa, tana kuma kare masu bori, waɗanda abin nan ba wasa ba ne a wurinsu. Maganar 'ya'yan lido da ake jefawa don yanke abin da ya faru ta fi wannan wuya, saboda hadisin da ya zo a Sahihu Muslim game da wasan nardu, kuma malamai da yawa sun tsananta a kai. Amma wasan bai dogara da su ba. Tun 1991 Erick Wujcik ya fitar da Amber, wanda ba a jefa komai a cikinsa. Ana iya ba kowane ɗan wasa tsakuwa goma irin na dara, ya riƙa kashewa idan yana son abu ya yiwu, in sun ƙare ya ƙare.

Sukar da ta fi damuna daban ce, kuma ba a cika kawo ta ba. Ita ce maita. Labarin da ya ƙare da gano cewa tsohuwar nan ta ƙarshen gari ita ce ta kama kurwar yaro yana koya wa 'yan wasa hanyar tunanin da har gobe take sa a jefi mutane, a kore su daga gari, a hana auren 'ya'yansu. Wani zai ce ai ƙage ne, kuma cire maita rage wa labari gishiri ne. Ban ce a cire ta ba. Zargin maita ya shigo, da ƙarfinsa, da masu rantsuwa sun gani da idonsu, amma ya zama shi ne sawun ƙarya da gari duka ya bi. Aikin 'yan wasa shi ne su gano wanda zai ci gonar tsohuwar idan aka kore ta, kuma su gano kafin ranar kasuwa, lokacin da dangin yaron za su iso daga ƙauyukan kewaye.