JAWABI: ƁARAWON ZAMANI BA YA HAURA DANGA



Yau salula ta shiga ko'ina, birni da ƙauye. Da ita manomi yake jin kuɗin gero a kasuwar Maraɗi. Da ita ɗan ci-rani yake aiko ma iyalinsa kuɗi daga Abijan ko Kano. Salula ta zama rumbu na biyu. To, duk inda rumbu yake, ɓarawo yana kusa.

Ɓarawon zamani ba ya haura danga. Kira yake yi. Sai ya ce shi ma'aikacin kamfanin waya ne. Ya ce mai salula ya ci kyautar kuɗi ko babur, amma sai ya faɗi lambarsa ta sirri. Wannan ƙarya ce. Lambar sirri mabuɗin rumbu ce. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar ta.

Akwai wata dabara a WhatsApp. Saƙo yakan shigo da lambobi 6. Ɓarawo ya kira, ya ce kuskure aka yi, a karanto masa su. Wanda ya karanto, an ƙwace masa WhatsApp ɗinsa ke nan. Daga nan ɓarawo ya rubuta ma ƴan uwansa da sunansa, ya ce yana likita ba lafiya, a aiko jika 20 maza-maza. Ƴan uwa su aika, kuɗi su tafi.

Sai kuma abubuwan da ake zuba ma salula, kamar wasanni da na kallo. Wasu ƴan leƙen asiri ne. Abin haska fitila ba ruwansa da sunayen mutane, ko hotuna, ko saƙonni. In ya nemi izinin ganinsu, a ƙi. Gara a ɗauko daga Play Store da a karɓa hannun wanda ba a sani ba.

Ga abin da mai salula zai riƙe:

1. Ya kulle salularsa da lamba, musamman in zai bar ta wurin mai caji.
2. Kada ya sa shekarar haihuwarsa ko 1234.
3. Kada ya faɗi lambarsa ga kowa, ko mai shagon tura kuɗi. Ya buga ta da hannunsa.
4. In an nemi kuɗi da sunan ɗan uwa, ya kira shi, ya ji muryarsa tukuna.
5. In salula ta ɓace, ya je kamfani a rufe layin ran nan.

Tun 2019 Nijar tana da doka a kan laifin da ake yi ta intanet. Wanda aka cuta kada ya ji kunya. Ya kai ƙara wurin jandarma ko ƴan sanda.

Nan ga amfanin yaƙi da jahilci. Wanda bai iya karatu ba, dole ya miƙa ma wani salularsa, asirinsa ya fita. Wanda ya iya, shi ke karanta saƙonsa, shi ke tsaron rumbunsa.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye.