Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Zato da Hujja a Ilmin Ƙididdiga, da Darasin Gubar Dalma a Anka da Bukkuyum



Na san akwai wanda zai yi mamakin ganin malamin Hausa ya miƙe zai yi lacca a kan lissafi. Dalilina ɗaya ne. Rahotannin da suke zuwa teburin ma'aikaci cike suke da alƙaluma, da su ake raba magani da taki da rijiyoyi, kuma mutanen da abin yake faɗa wa a ka Hausa suke ji. In ilmin ƙididdiga ya kasa shiga bakin Bahaushe, to, za a yi ta yanke wa mutum hukunci da harshen da bai sani ba. Saboda haka nufina a yau shi ne in bayyana yadda masana suke gwada ƙungiya biyu don su ga ko akwai bambanci na gaskiya tsakaninsu, in kuma nuna cewa matsakaici shi kaɗai ba ya isa shaida.

Abin da ya faru a yammacin Zamfara

Duk wanda ya san ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi ya san ƙasar noma ce, kuma akwai zinariya a wasu duwatsunta. Da farashin zinariya ya hau a duniya, mutanen ƙauyuka suka dukufa wajen haƙa. Sukan kawo duwatsun cikin gari, a farfasa, a niƙa a injin niƙa, wasu ma a daka a turmi, a shanya a tsakar gida. Abin da ba a sani ba shi ne dutsen nan cike yake da dalma. Ƙurarsa ta sauka a ƙasan da yara suke rarrafe, suna sa hannu a baki.

A watan Maris na 2010, ma'aikatan Ƙungiyar Likitoci Na-Gari-Na-Kowa suna zagayen neman cutar sanƙarau, sai suka tarar yara suna ta mutuwa bayan farfaɗiya. Zaton farko shi ne zazzabin cizon sauro ne ko sanƙarau. Aka ba da maganinsu, bai yi aiki ba. Sa'an nan aka aika da jini aka auna, aka ga dalma ce. Daga watan Mayu na shekarar, masu bincike na Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka tare da ma'aikatan lafiya na Nijeriya suka bi gida 119 a ƙauyuka biyu, Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum. Daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda, watau ɗaya cikin kowane huɗu. Aka auna jinin yara 204, aka sami 198 sun kai ko sun wuce awo 45, matsayin da ake fara ba da maganin fitar da dalma. An ƙiyasta yaran da suka rasu a annobar gaba ɗaya sun kai 400 ko fiye. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Ku lura da hanyar da aka bi: an yi zato, an gwada shi, ya faɗi, aka ɗauki wani. Wannan shi ne tushen maganarmu.

Zato da hujja

Bahaushe ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Masanin ƙididdiga bai saɓa wa wannan ba. Shi ma ba ya yarda a yi aiki da zato sai an kai shi gaban shari'a. Kun san yadda ake yi a gaban alƙali: wanda aka yi ƙara ba shi da laifi, mai ƙara ne zai kawo shaidu. Haka nan mai ƙididdiga yakan fara da abin da zan kira zaton babu bambanci, watau ya ɗauka ƙungiyoyin nan biyu ɗaya suke, ɗan bambancin da ya gani dace ne kawai. Wanda ya ce akwai bambanci, shi zai kawo hujja.

Me ya kawo maganar dace? Saboda ba a iya auna kowa da kome. Mai sayen hatsi a kasuwa ba ya zazzage buhu, samfur yake ɗiba a tafin hannu. In ya sake ɗiba, na biyu ba zai zo daidai da na farko ba, alhali buhun ɗaya ne. Tambayar ita ce: wane irin bambanci ne ya yi girman da ba za a ce na ɗibar samfur ba ne?

Gwada matsakaici

Bari mu yi misali irin na allo. Lambobin nan nawa ne, na shirya su don sauƙin lissafi. A ce an auna dalmar da ke cikin ƙasar tsakar gida, kashi nawa ce cikin miliyan, a gida biyar biyar na unguwa biyu. Unguwar farko ta ba da 300, 350, 400, 450, 500. In aka tara aka raba biyar, matsakaici 400 ne. Unguwa ta biyu ta ba da 360, 410, 460, 510, 560, matsakaicinta 460. Bambanci 60 ke nan. Ma'aikaci mai gaggawa zai rubuta cewa unguwa ta biyu ta fi gurɓata, a fara aiki da ita.

Mai ƙididdiga zai ce a dakata, a duba warwatsuwa tukuna, watau yadda gidajen suka yi nisa da matsakaicinsu. Akan ɗauki nisan kowane gida daga matsakaici, a ninka shi da kansa, a tara, a raba da adadin gidajen ban da ɗaya. A unguwar farko nisan shi ne 100, 50, sifiri, 50, 100. In an ninka kowanne da kansa aka tara, a sami 25,000, a raba huɗu, a sami 6,250. Unguwa ta biyu ma haka. Sai a raba kowace warwatsuwa da adadin gidajenta, a haɗa: 1,250 da 1,250, watau 2,500. Lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 2,500 ita ce 50. Wannan 50 shi ne gwargwadon kai-kawon da ɗibar samfur kaɗai take iya jawowa. A raba 60 da 50, a sami 1.2.

Wannan shi ake kira gwajin t. Wani Bature ɗan Ingila mai suna William Gosset, ma'aikacin kamfanin Guinness a Dublin, shi ya buga tushensa a 1908, domin aikinsa ya tilasta masa yanke shawara da ɗan samfur kaɗan. Jadawalin gwajin ya nuna cewa ga gida goma irin namu, sai lambar ta wuce 2.31 kafin a ƙaryata zaton babu bambanci. Tamu 1.2 ce, saboda haka shaida ba ta cika ba. Da bambancin 150 ne, da an sami 3, da kuwa mai ƙara ya yi nasara. Iyakar nan an ɗora ta ne bisa al'adar yarda da kuskure sau ɗaya cikin ashirin, al'adar da ta bazu ta hannun Ronald Fisher, wanda ya yi aiki a gonar gwaji ta Rothamsted daga 1919, ya kuma buga littafinsa na hanyoyin ƙididdiga a 1925.

Gwada warwatsuwa

Yanzu ga unguwa ta uku: 50, 50, 100, 100, 1,700. Ku tara ku raba biyar. Matsakaici 400 ne, daidai da na unguwar farko. A 2010 kuwa, 400 ita ce iyakar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa wa ƙasar da yara suke wasa a kai. Rahoton da ya kawo matsakaici kaɗai zai ce unguwannin biyu ɗaya suke, dukansu suna bakin iyaka, babu abin tashin hankali. Amma a unguwa ta uku akwai gida guda da ya ninka iyakar fiye da sau huɗu, kuma yaron gidan nan ba ya cin matsakaicin unguwa, ƙurar tsakar gidansu yake ci.

In muka lissafa warwatsuwar unguwa ta uku ta hanyar da muka bi ɗazu, za mu sami 528,750. A raba da 6,250 na unguwar farko, a sami wajen 85. Wannan shi ne gwajin F, wanda George Snedecor ya raɗa wa suna a 1934 don girmama Fisher. Iyakarsa a nan 9.6 ce. Ashe unguwannin sun sha bamban ƙwarai, ko da yake matsakaicinsu ɗaya.

Abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ya fi kama da unguwa ta uku. Awon ƙasar gidaje ya tashi daga gommai a wani gida har ya wuce 100,000 a wani wuri. An tarar ana sarrafa dutsen a cikin kashi biyu bisa uku na gidajen da aka bincika, kuma da aka kwatanta yaran, aka ga haɗarin mutuwa ya fi yawa ga wanda mahaifiyarsa take aikin dutsen, da wanda ƙasar gidansu ta fi dalma. Shi ya sa masu aikin tsabtacewa suka bi gida gida da na'urar awo, suna kankare saman ƙasa, suna binne ta a rami, suna zuba sabuwa.

Akwai gargaɗi biyu ga ɗalibai a nan. Na farko, gwajin t na asali yana ɗauka cewa warwatsuwar ƙungiyoyin biyu kusan ɗaya ce. In ba haka ba ne, sai a koma ga gyaran da B. L. Welch ya kawo a 1947. Kuma in lambobi sun karkata gefe ɗaya, da yawa ƙanana, kaɗan manya ƙwarai, kamar na unguwa ta uku, masana sukan juya su zuwa logaridim kafin su gwada. Na biyu, a san iyakar ma'auni. 'Yar na'urar awon jinin da aka fara aiki da ita a Zamfara ba ta karanta abin da ya wuce awo 65. Yaro mai 70 da yaro mai 300 duk abu ɗaya take nuna musu. Wanda ya rubuta 65 ga kowannensu ya rage matsakaici, ya kuma ɓoye warwatsuwa gaba ɗaya. Dole ta sa aka riƙa tsarma jinin kafin a auna, don a gane wanda ya fi bukatar gaggawa.

Kuskure iri biyu

Alƙali yana iya ɗaure marar laifi, yana kuma iya sakin mai laifi. Jerzy Neyman da Egon Pearson sun tsara wannan a ilmin ƙididdiga tsakanin 1928 da 1933. Kuskure na farko shi ne a ce akwai bambanci alhali babu. Sakamakonsa ɓarnar dukiya: a kankare ƙasar unguwar da ba ta fi sauran bukata ba. Kuskure na biyu shi ne a ce babu bambanci alhali akwai. A sha'anin guba, sakamakonsa makabarta.

Saboda haka ina roƙon ma'aikata su riƙe wannan: in rahoto ya ce ba a tabbatar da bambanci ba, bai ce babu bambanci ba. Sau da yawa ma'anarsa ita ce samfur ya yi kaɗan. A misalinmu, da gida hamsin hamsin aka auna, aka sami matsakaici da warwatsuwa irin waɗancan, da bambancin 60 ɗin nan ya tabbata. Maganin ƙarancin shaida shi ne a ƙaro shaidu, ba a rufe fayil.

Kuma akwai inda shaida ta riga ta cika, jira ya zama laifi. Mutuwar yaro ɗaya cikin huɗu ba ta bukatar jadawali. An tsabtace ƙauyuka bakwai a 2010 da 2011, cikinsu har da Dareta da 'Yargalma da Abare da Sunke. Amma Bagega, wadda ta fi su girma, sai da ta jira har 2013 kafin kuɗin aikinta ya fito, alhali likitoci ba sa iya fara maganin yaro sai an gyara gidan da zai koma. Awo yana hannu, abin da ya yi jinkiri shi ne sa hannu a takarda. A 2015 kuma irin wannan annoba ta sake ɓulla a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Kammalawa

Jama'a, abin da nake so kowa ya tafi da shi tambayoyi huɗu ne, waɗanda za a yi wa duk rahoton da ya kwatanta gari da gari, ko makaranta da makaranta, ko irin shuka da irin shuka. Mutum nawa ko gida nawa aka auna, kuma yaya aka zaɓe su? Mene ne mafi ƙanƙanta, mene ne mafi girma? Bambancin da aka gani ya wuce abin da dace yake iya jawowa? In muka yi kuskure, wa zai ɗauki asarar?

Ga ɗalibanmu na Hausa kuma, aiki yana jiranku. Kalmomin da na yi amfani da su a yau, matsakaici da warwatsuwa da samfur da zaton babu bambanci, shawara ce na kawo. Ku kai su ƙauye, ku faɗa wa dagaci da ungozoma da mai injin niƙa. Wadda suka gane ku riƙe, wadda ta gagare su ku nemo mana wadda ta fi ta, domin su ma kalmomi sai an gwada akan san na ƙwarai.