Igiyoyin Iska da Daminar Gabashin Sakkwato

Manoman Wurno da Rabah sun daɗe da sanin cewa daga gabas hadari yake tasowa. Dalili kuwa shi ne, iskar sama tana da igiyoyi kamar na teku. Tsakanin Yuni da Oktoba, kimanin kilomita 3 bisa ƙasa, igiya takan taso daga wajejen Darfur ta nufi yamma duk kwana 3 zuwa 5, tana tara gizagizai.

Irin wannan hadari na ƙasashe masu zafi yakan haifi waɗansu igiyoyin, su hau fiye da kilomita 16. Wallace da Kousky suka gano wani nau'insu a 1968. Suna cikin masu juya iskar can bisa, ta yi gabas, ta komo yamma, cikin wata 28 ko kusa.

Lalle wannan ilmi ba na ado ba ne. Ambaliyar Satumba 2010 ta cinye gonaki da ƙauyuka a kwarin Rima. Ma'aikacin madatsar Goronyo, muddin ya san igiya tana tafe, ya sami kwanakin rage ruwa sannu sannu, da na gargaɗin mutanen fadama.