Tun Ran Gini Ran Zane: Yadda Za Mu Auna Shirin Hana Mutuwar Masu Shan Ƙwaya

(Jawabin da aka gabatar a taron makon lafiya na Ƙungiyar Ɗalibai)



An ɗora wa kwamitinmu nauyin yin magana a kan shirye-shiryen da ake yi a unguwanni da makarantu domin hana mutuwar matasan da ƙwaya ke yi wa yawa. Ba za mu cinye lokacinku wajen bayyana illar ƙwaya ba, domin babu wanda ke cikin wannan zaure da bai san ta ba. Tambayar da muka kawo ita ce: idan ƙungiya ko ƙaramar hukuma ta kashe kuɗi da ƙarfi shekara guda cur a kan irin wannan shiri, ta yaya za ta san ko ta ceci rai ko da guda ɗaya?

Abin da aka saba gani a rahoton ƙarshen shekara shi ne yawan laccocin da aka yi, da yawan takardun da aka manna a bango, da yawan mutanen da suka cika zaure. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ita ma takan bayyana nauyin kayan da ta kama da yawan waɗanda ta tsare. Duk waɗannan alƙaluma suna da amfaninsu, amma ƙoƙarin ma'aikata suke nunawa. Gawayi dai mun ga ya ƙone, saura a nuna mana abin da aka ƙera.

Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a farkon 2019 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye cikin shekara guda a Nijeriya, kuma miliyan 4.6 sun sha magungunan dangin ofiyom irin su tiramol da kodin ba bisa umurnin likita ba. Wannan dangi shi ne ya fi damunmu a yau, domin idan ya yi yawa a jiki yakan rage numfashi har ya tsayar da shi. Akwai makarinsa, watau nalokson, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2014 a sa shi a hannun duk wanda ake zaton zai iya tarar da mutum cikin wannan hali. To, rage yawan masu sha manufa ce guda, hana wanda ya riga ya sha mutuwa kuwa wata manufa ce daban, kuma kowace da ma'auninta. Shirin da bai zaɓi manufarsa ya rubuta ta tun ranar farko ba, lalle a ƙarshe zai auna abin da ya fi sauƙin ƙirgawa ne kawai.

Babbar matsalarmu a nan ƙasar Hausa ita ce ba mu ƙirga matattu. Mafi yawan mace-mace ba a yi musu rajista, jana'iza cikin sa'o'i kaɗan ake yin ta kamar yadda addini ya koyar, binciken gawa kuwa ba safai ake yarda da shi ba. Bugu da ƙari ga kunya. Wane uba ne zai tsaya a ƙofar gida wurin zaman makoki ya ce tiramol ce ta kashe ɗansa? Sai a ce gajeruwar rashin lafiya, a yi addu'a, a watse. Amma duk da haka hanya ba ta toshe ba. A watan Afrilu na 2020, lokacin da mace-mace suka yi yawa a Kano, masu haƙan kabari ne suka fara faɗin cewa abin ya wuce yadda aka saba, sa'an nan gwamnati ta tura ma'aikata suka bi gida-gida suna tambayar iyalan mamata alamun da suka gani kafin rasuwa, har Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ba da adadin mutum 979. Irin wannan tambaya, idan aka yi ta cikin ladabi bayan kwanakin makoki, za ta iya yi mana aiki. Sai a haɗa da littafin ɗakin taimakon gaggawa na asibitin da ya fi kusa, da abin da mai unguwa da liman suka sani. Sharaɗi guda ne ba za a sassauta ba: kada a rubuta suna, kuma kada takardar ta fita zuwa hannun masu kame. Ran da samari suka ji ƙishin-ƙishin cewa littafinmu ya kai wani gidan yari, daga ranar alƙalumanmu za su yi kyau ƙwarai, domin babu wanda zai sake gaya mana gaskiya.

Wannan ƙirga kuwa wajibi ne a fara ta kafin shirin ya kankama, a kuma yi ta har a wata unguwa mai kama da tamu wadda shirin bai kai gare ta ba. Ga dalili. A birnin Bankuba na ƙasar Kanada an buɗe wani gida a 2003 inda masu allurar ƙwaya ke yin ta a gaban ma'aikatan jinya. Ba muna kiran a kawo irinsa nan ba ne, hanyar awonsa muke so ku duba. Masu bincike sun bayyana a 2011 cewa mutuwa ta ragu da kashi 35 cikin 100 a tsakanin mita 500 daga gidan, alhali kuwa a sauran birnin ta ragu da wajen kashi 9 ne. Ba domin wannan adadi na biyu ba, da mai gardama sai ya ce ai ko'ina ma ta ragu. Mu ma muna da irin wannan tarko. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan wani shirin BBC ya tona yadda ake cinikinsa. Duk ƙungiyar da ta yi lacca a wannan shekara tana iya cewa ita ce ta rage shan kodin, wa zai ƙaryata ta? Sa'an nan kasuwa ba ta tsayawa wuri ɗaya: a 2025 an sake tona yadda ake shigo da ƙwayoyin tafentadol daga Indiya zuwa Afirka ta Yamma bayan an tsaurara wa tiramol. Mai awon da ya kafe a kan suna guda sai ya rubuta nasara, ga shi kuwa samarin sun sauya kwali ne kurum.

Akwai kuma matsalar ƙarancin adadi. A unguwa guda, idan bara mutum uku suka mutu bana biyu, ba mai hankalin da zai buga ganga. Mutanen Sikotilan sun yi dabara a nan. Da suka fara raba nalokson a 2011, sai suka sa ido a kan waɗanda suka fito daga kurkuku, domin wanda ya daɗe bai sha ba jikinsa ba ya ɗaukar abin da ya saba ɗauka a da. Cikin masu mutuwa ta dalilin dangin ofiyom, waɗanda suka mutu cikin mako huɗu da fitowarsu sun sauko daga kashi 9.8 cikin 100 zuwa 6.3. Jimillar mace-macen ƙwaya a ƙasar kuwa ta ci gaba da hawa har ta kai 1,339 a 2020, saboda haka da jimilla kaɗai aka duba da an ce shirin aikin banza ne. A wurinmu, wannan haɗari yana jiran duk yaron da aka dawo da shi daga gidan gyaran hali. Sai mu tambaya: cikin waɗanda aka sallamo, nawa ne iyalansu suka san alamun, watau minshari mai nauyi, da numfashi jefi-jefi, da ƙwayar ido ta tsuke? Nawa ne suka san a kwantar da shi a gefensa a nemi mota, maimakon a ɗura masa madara ko a ce a bar shi ya yi barci? Makarin da aka raba, yana aljihun abokan da ke zama da masu sha, ko yana kulle a durowar ofis? Minti nawa ake ɗauka kafin a isa asibiti? Wannan tambaya ta ƙarshe tana da nauyi, domin tiramol kan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, wadda nalokson ba ya maganinta.

Wanda ya shirya awo kuma sai ya shirya jin abin da ba ya so. A Amurka an gwada wani babban shiri a yankuna 67 na jihohin Kentaki da Masacuset da Niyok da Ohayo, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, kashi ɗaya ya fara, ɗayan ya jira. Sakamakon da aka buga a 2024 bai nuna bambancin da za a iya dogara da shi ba wajen yawan mutuwa. Masu binciken ba su ɓoye ba, kuma da yake sun riƙe lissafin kowane mataki, sun iya nuna cewa ƙasa da rabin ayyukan da aka tsara ne aka soma kafin lokacin awo ya zo, ga annobar korona da yaɗuwar fentanil sun shigo a tsakiya. A ganinmu rahoto irin wannan ya fi goma masu cike da hotunan manyan baƙi.

Saboda haka, Shugaban taro, muna roƙon majalisar ƙungiya kada ta amince da kasafin wannan shiri sai an gabatar mata da takarda guda mai ɗauke da manufarsa, da abin da za a ƙirga, da unguwar da za a kwatanta da ita, da ranar da za a karanta sakamako a wannan zaure ko mai daɗi ko marar daɗi. Muna kuma roƙo a danƙa riƙon littafin ga ɗaliban sashen lafiyar al'umma da na ƙididdiga waɗanda ba sa cikin kwamitinmu, bisa kulawar malamansu, a kuma ware musu kuɗin mota da na takarda tun daga wannan zango.