Sayen Shanu Da Kiwonsu: Lafiyar Dabba Da Lafiyar Iyali

(Jawabin da aka gabatar a taron dattawa da shugabannin zumunta a Birnin Zariya)

An roƙe ni in yi magana a kan sayen shanu da kiwonsu, domin a 'yan shekarun nan da yawa cikinmu sun shiga wannan sana'a. Wani ya karɓi kuɗin sallama daga aiki ya turke sa biyu a bayan gida. Zumuntar mata sukan haɗa adashi su sayi maraƙi. Idan Kirsimeti ya ƙarato kuma, gidaje goma ko ashirin sukan yi karo-karo su sayi sa a yi watanda. Duk wannan abu ne mai kyau. Amma sa guda mai ciwo ya isa ya cinye jarin shekara guda, ya kuma kwantar da iyali a asibiti.

Bari in fara da ɗan tarihi. Kakanninmu sun ga annobar bushiya, wadda ta shigo ƙasar Hausa wajen 1890 ta hallaka shanu ba adadi. A nan Zariya ne Turawa suka fara kafa sashen kula da lafiyar dabbobi, kafin a mayar da shi Vom a 1924. A 1962 aka fara babban gangamin allurar bushiya a Nijeriya, Nijar, Cadi da Kamaru. Da aka ga cutar ta lafa sai aka yi sakaci, ta kuwa sake ɓarkewa a 1983, makiyaya da yawa suka wayi gari babu komai a garke. Sai a 2011 aka bayyana cewa an kawar da ita daga duniya gaba ɗaya, kuma allura da sa ido ne suka yi wannan aiki. Bushiya ta tafi, amma ciwon huhu, ɓoro, sammore, saifa, bakkale, kirci da ciwon hanta suna nan tare da mu.

1. Idan za ka shiga kara

Ko Anchau za ka je, ko Giwa, ko Makarfi, ka tuna shanun da ke wurin daga nesa aka tara su, wasu ma daga ƙetaren iyaka, sun kwana a mota ɗaya, sun sha ruwa a wuri ɗaya. Kada ka tafi kai kaɗai idan ba ka san dabba ba. Dillali la'adarsa yake nema, saboda haka ka tafi da naka idon. Ka je da rana tsaka, kada ka yi ciniki da almuru, ba a cinikin biri a sama.

Ka tsaya daga nesa tukuna ka duba. Sa mai lafiya yana tsaye daram, yana tuƙa, hancinsa da danshi, gashinsa a kwance yana sheƙi, yana kora ƙuda da wutsiya. Ka sa a kora shi ya ɗan yi gudu. Idan ya tsaya yana tari, ya miƙe wuya, ya buɗe ƙafafun gaba yana nishi, ka ji tsoron ciwon huhu. Idan yana dalalar da miyau yana ɗingishi, ka duba baki da tsakanin kofato, alamar ɓoro ke nan. Ka ja fatar ido ƙasa: idan ciki ya yi fari fat, jini ya ƙare, wataƙila sammore ne ko tsutsar ciki. Kumburi mai taushi a ƙarƙashin haɓa yakan nuna ciwon hanta. Ka duba kaska a kunne da ƙarƙashin wutsiya. Ka buɗe baki ka ga haƙora, domin tsohon sa da haƙoransa suka cinye ba zai yi ƙiba ba, ko buhu nawa na dusa ka ba shi. Bunaji ne, Bokolo ne ko Rahaji, dokar ɗaya ce. Idan kuma farashi ya faɗi ƙasa fiye da kima, ka tambayi dalili, araha ba ta ado. Ka karɓi rasit, ka san mai dabbar, saboda matsalar shanun sata.

2. Idan ka kawo shi gida

Kada ka haɗa sabon sa da dabbobin da ka riga ka mallaka. Ka ware shi mako uku, da kwanon abincinsa da na ruwansa dabam, domin akwai cututtukan da ba sa bayyana ranar ciniki. A cikin wannan lokaci ka kira malamin dabbobi ya duba shi, ya ba shi maganin tsutsa da na hanta, a yi masa feshin kaska, a kuma yi masa allurar rigakafin ciwon huhu, saifa da harbin daji. Ana yin waɗannan allurai a Vom, kuma sau ɗaya a shekara ake maimaita su. Mu mutanen Zariya ba mu da hujjar cewa ba mu sami mai ba mu shawara ba. Ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga cibiyar binciken kiwo ta NAPRI a Shika, ga kuma ofishin dabbobi na gwamnati.

A cikin birni gidajenmu a matse suke. Kada turke ya kasance kusa da rijiya ko madafi. A riƙa kwashe kashi kullum, kada ruwan sama ya kwashe shi zuwa lambatu ya dame maƙwabta. Ku kula da leda ƙwarai. Sa yakan haɗiye ta, ta dunƙule a tumbinsa, ya yi ta rama alhali yana ci. Ciyawar da aka yanko a fadama ko bakin Kubanni da Galma a shanya ta sosai kafin a ba shi, gama a irin wurin nan ne ƙananan dodon-koɗi masu yaɗa tsutsar hanta suke zama. Dusa, kowa da harawa kuma a ƙara su sannu a hankali, domin idan aka cika masa dusa ko hatsi farat ɗaya cikinsa zai kumbura, yana iya mutuwa a daren.

3. Cututtukan da ke tsallakawa zuwa mutum

Wannan shi ne abin da ya fi damuna. Na farko ciwon saifa. A watan Yuli na 2023 gwamnatin tarayya ta tabbatar da ɓullarsa a wata gona kusa da Suleja a Jihar Neja, bayan an yi gargaɗi game da ɓarkewarsa a arewacin Gana. Alamarsa ita ce dabba ta faɗi matacciya ba zato, cikinta ya kumbura da sauri, baƙin jini da ba ya daskarewa yana fita ta hanci, baki da dubura. Idan kun ga haka, kada a feɗe, kada a cire fata, kada a ja gawar a ƙasa. Ƙwayar cutar tana iya zama cikin ƙasa shekaru masu yawa da zarar iska ta taɓa jinin. A kira ma'aikatan dabbobi, a ƙone gawar ko a binne ta cikin rami mai zurfi. Wanda ya taɓa ta, ya ga ƙurji mai baƙin kai a hannu ko fuska, ya garzaya asibiti, domin tana jin magani idan an kama ta da wuri.

Na biyu tarin fuka na shanu, wanda mutum ke ɗauka ta ɗanyar madara ko zama kusa da dabba mai tari. Na uku bakkale. Idan saniya ta yi ɓari, kada kowa ya ɗauki ɗan ko mahaifar da hannu tsirara, a sa safar roba ko leda. Wannan cuta tana sa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da zufa da ciwon gaɓoɓi, har a yi ta shan maganin cizon sauro da taifot babu sauƙi. Idan kana kiwo, ka gaya wa likita haka da bakinka. Na huɗu tsila, wadda ake samu daga naman da bai dahu ba. Maganin duk waɗannan a hannun iyayenmu mata yake: a tafasa madara, a dafa nama ya dahu har ciki, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ɗanyen nama.

4. Magani da yanka

Da yawa muna sayen allura a kasuwa mu yi wa dabba da kanmu, ba awo ba lissafi. Kowane magani yana da kwanakin da za a jira kafin a yanka ko a sha madara, wasu har kusan wata guda, kuma an rubuta a jikin kwalba. Wanda ya yi wa sa allura yau ya sayar wa mahauci gobe, ya ciyar da jama'a magani ba da saninsu ba, kuma ta haka ne magunguna ke daina aiki a jikin mutane.

Ga masu shirya watanda, ina roƙonku a kai sa mayanka inda ma'aikaci zai duba shi kafin yanka da bayan yanka, ko a gayyato shi gida. Idan an ga huhu ya manne da haƙarƙari, ko ƙulluttai masu kama da cuku, ko hanta ta yi tauri da tsutsa, ko fararen ƙwayoyi kamar shinkafa a cikin tsoka, a bari mai ilimin abin ya yanke hukunci. Na san da wuya a zubar da abin da aka haɗa kuɗi aka saya, amma kada garin neman gira a rasa ido. Haka kuma dabbar da ta kwanta ciwo, kada a yi sauri a sa mata wuƙa a sayar wa maƙwabci don a rage hasara. Abin da ba za ka ba ɗanka ya ci ba, kada ka sayar wa ɗan wani.

Dattawa, shawarata ita ce kowace ƙungiya ta zaɓi mutum biyu da za su riƙa zuwa kara, a sa kuɗin malamin dabbobi cikin lissafin karo-karo tun farko, a kuma ajiye ɗan littafi na rubuta ranar saye, ranar allura da sunan magani. Kuɗin duba sa kaɗan ne idan aka gwada da kuɗin sa ɗin kansa.

Allah ya ba mu lafiya, mu da iyalanmu da dabbobinmu.