Daga Kurkuku Zuwa Arfa: Labarin Alhaji Malik Shabaz

Jawabi domin karantawa a azuzuwan yaƙi da jahilci na maza da na mata



Babu gidan da masifa ba ta shiga. Wani gobara ta cinye masa rumbu. Wani jarinsa ya karye. Wata aurenta ya mutu, ta koma gida da 'ya'ya. Wani kuwa da hannunsa ya jawo wa kansa, har ya kwana a gidan yari. Idan haka ta faru, sai mutum ya ga kamar tasa ta ƙare. Jawabin yau labarin wani mutum ne da ya faɗi sau biyu, faɗuwa mai tsanani. Kowane karo ya koma ya zama ɗalibi, Allah kuma ya buɗe masa wata ƙofa. Baƙar fata ne ɗan ƙasar Amurka. Duniya ta san shi da suna Malkom X. A ƙarshen rayuwarsa ana kiransa Alhaji Malik Shabaz.

Maraici

An haife shi ran 19 ga Mayu, 1925, a garin Omaha. Sunansa na yanka Malkom, sunan gidansu Litil. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya 7 da mahaifiyarsa ta haifa wa mahaifinsa. Uban mai wa'azin addinin Kirista ne, yana kuma kiran baƙar fata su tashi su nemi 'yancinsu. A wancan zamani ana wulakanta baƙar fata ƙwarai a Amurka. Kakanninsu bayi ne da aka kwasa daga Afirka.

Saboda wannan kira, wasu Turawa masu ƙin baƙar fata suka sa uban a gaba. Iyalin suka ƙaura zuwa garin Lansin a jihar Mishigan. A 1929 gidansu ya ƙone ƙurmus. A 1931 aka sami uban kwance a kan layin dogo na cikin gari, mota mai tafiya a kan dogo ta taka shi, ya kuma rasu. Hukuma ta ce haɗari ne. Iyalinsa suka ce kashe shi aka yi. A lokacin Malkom yana da shekara 6.

Uwar ta yi ta fama ita kaɗai. Yunwa ta shiga gidan. A ƙarshe damuwa ta taɓa mata hankali, aka kai ta asibitin masu taɓin hankali, inda ta yi fiye da shekara 20. Hukuma ta rarraba yaran gida-gida.

Maganar da ta kashe masa gwiwa

Duk da haka Malkom yaro ne mai ƙwaƙwalwa. Yana cikin na gaba-gaba a ajinsu, har 'yan ajin suka zaɓe shi shugabansu, ko da yake kusan dukansu Turawa ne. Ran nan wani malaminsu ya tambaye shi aikin da yake so ya yi in ya girma. Ya ce yana so ya zama lauya. Malamin ya ce masa wannan ba aikin baƙar fata ba ne, gara ya koyi kafinta.

Kafinta sana'a ce mai daraja. Abin da ya yi wa yaron ciwo shi ne an nuna masa cewa komai ƙoƙarinsa, launin fatarsa ya riga ya yanke masa iyaka. Daga nan karatu ya fita ransa. Ya bar makaranta bayan aji 8. Iyaye da malamai, a lura da wannan. Kalma ɗaya tana iya rufe wa yaro hanya shekara da shekaru.

Rayuwar bariki

A 1941 ya tafi birnin Boston wurin yayarsa Ella, wadda suke uba ɗaya. Ya yi sana'ar goge takalma. Ya yi tallan abinci a cikin jirgin ƙasa. Daga baya ya koma unguwar Halem a birnin Niyok. Can ya haɗu da miyagun abokai. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ya shiga caca da shaye-shaye da sayar da tabar wiwi. A ƙarshen 1945 ya koma Boston, ya haɗa gungun masu fasa gidajen attajirai.

Dubunsa ta cika a farkon 1946. Ya kai wani agogon sata gyara, da ya koma karɓa sai 'yan sanda suka cafke shi. Alƙali ya yanke masa ɗaurin shekara 8 zuwa 10. Bai cika shekara 21 ba tukuna.

A shekararsa ta farko a kurkuku zuciyarsa cike take da fushi. Ba ya jin maganar kowa. Bakinsa ba ya rabuwa da saɓon Allah. Abin ya kai fursunoni 'yan'uwansa suka sa masa suna Shaiɗan.

Yadda ƙamus ya zama malaminsa

A cikin fursunonin akwai wani dattijo mai yawan karatu. Idan yana magana, har gandirobobi sukan tsaya su saurara. Malkom ya lura cewa mutumin nan ba ƙarfi gare shi ba, ba kuɗi ba, ilimi ne kawai ya ba shi wannan girma. Dattijon ya shawarce shi ya koma ga karatu.

Ana nan kuma sai 'yan'uwansa na gida suka fara aiko masa da wasiƙu. Sun shiga wata ƙungiya ta baƙar fata mai suna Al'ummar Musulunci, wadda wani mutum, Ilaija Muhammad, yake shugabanta. Ƙanensa Rajinal ya rubuto masa cewa ya daina cin naman alade, ya daina shan taba. Ya daina. Amma durƙusawa gaban Allah ya yi masa wuya ainun. Kunyar zunubansa ta hana shi. Sai da ya yi kusan mako guda yana kokawa da zuciyarsa kafin ya iya durƙusawa ya roƙi gafara.

To, yanzu yana so ya rubuta wasiƙa ya yi tambayoyi a kan addini. A nan ne ya ga tsiraicinsa. Shekarun bariki sun cinye ɗan karatun da ya yi. Rubutunsa ya lalace. In ya buɗe littafi, kalmomi da yawa ba ya gane su, sai ya riƙa tsallakewa.

A 1948, da ƙoƙarin yayarsa Ella, aka mai da shi kurkukun Nofok, inda akwai babban ɗakin karatu. Ya nemi ƙamus, wato littafin da ya tara kalmomi da ma'anarsu. Ya nemi fensir da takardu. Ya kwafe shafin farko kaf da hannunsa. Wannan shafi ɗaya ya ci masa yini guda. Da ya gama ya karanta wa kansa da ƙarfi, ya sake maimaitawa. Da gari ya waye ya ga ya riƙe kalmomi da yawa. Sai ya kama shafi na biyu. Haka ya yi ta bi, shafi bayan shafi. Rubutunsa ya gyaru, littattafai suka fara yi masa magana.

Ƙarfe 10 na dare ake kashe fitilun ɗakuna. Amma akwai wata fitila a baranda da haskenta ke shigowa ta ƙofarsa. Sai ya zauna a ƙasa yana karatu da wannan ɗan haske. Duk awa gandiroba yakan wuce. Da ya ji tafiyarsa sai ya haye gado kamar mai barci, in ya wuce ya sauko. Haka yake yi har ƙarfe 3 ko 4 na asuba. Ya karanta tarihin Afirka da na cinikin bayi da na sauran ƙasashe. Ya shiga ƙungiyar muhawara ta fursunoni, inda ya koyi tsayawa gaban jama'a ya yi magana da hujja.

Sabuwar rayuwa

An sake shi a watan Agusta, 1952, bayan ya yi shekara 6 da rabi. Da fitowarsa ya sayi abu uku: tabarau, da akwatin tafiya, da agogon hannu. Wanda agogon sata ya kai kurkuku, yau ga shi da agogon halal. Wansa Wilfired ya sauke shi a gidansa a birnin Ditiroit, ya kuma samo masa aiki a kantin sayar da kujeru da gadaje. Bai ce tsohon fursuna zai ɓata masa suna ba.

Malkom ya ajiye sunan Litil, domin suna ne da iyayen gijin bayi suka laƙaba wa kakanninsa. Ya sa harafin X a madadinsa. A lissafi, X alama ce ta abin da ba a sani ba. Wato ainihin sunan zuriyarsa na Afirka ya ɓace. A 1954 aka ba shi shugabancin reshen ƙungiyar a Halem. A 1958 ya auri Beti. Ya jawo dubban mutane suka bar giya da ƙwaya. Wanda aka ce ba zai zama lauya ba, sai ga manyan jami'o'i suna gayyatarsa ya yi musu lacca.

Faɗuwa ta biyu

Sai dai koyarwar ƙungiyar nan ta kauce wa Musulunci a wurare masu muhimmanci. Suna ɗaukar shugabansu a matsayin manzo. Suna kuma koyar da cewa duk farar fata shaiɗan ne. Malkom ya yi shekara 12 yana yaɗa wannan. Daga baya ya gano cewa shugaban da ya ba dukan amana yana aikata abin da yake hana mabiyansa. A watan Disamba, 1963, aka dakatar da shi daga yin magana da sunan ƙungiyar. A watan Maris, 1964, ya fita daga cikinta. Abokan jiya suka zama maƙiya. Gidan da yake ciki ma na ƙungiyar ne, suka nemi ya tashi.

Bai koma wa kwalba ba, bai koma wa sata ba. Ya ƙudura niyyar aikin Hajji. Ba shi da guzuri. Ella ce ta ba shi kuɗin da take tarawa domin nata Hajjin.

A watan Afrilu, 1964, ya sauka Jidda. Aka tsayar da shi sai an tabbatar Musulmi ne. Ba ya jin Larabci. Ashe ko salla bai iya yadda sauran Musulmi ke yi ba. Ga shahararren mutum, ɗan shekara 38, yana koyon ruku'u da sujada da zaman tahiya a wurin alhazai talakawa, ƙafafunsa na ciwo. Bai ji kunya ba. Gemu ba ya hana ilimi. Daga baya aka ba shi izini, Yarima Faisal, wanda ya zama Sarkin Saudiyya a ƙarshen wannan shekara, ya karɓe shi a matsayin baƙon gwamnati.

A Makka da Mina da Arfa ya ga baƙi da fari da ja cikin harami iri ɗaya. Ya ci abinci kwano ɗaya da mutanen da a Amurka za a kira su Turawa, suka riƙe shi ɗan'uwa. Gani ya kori ji. Ya rubuta wasiƙa gida, ya bayyana wa duniya cewa ya bar yi wa mutane hukunci da launin fatarsu. Ya ci gaba da yaƙi da zalunci, amma ya gane cewa hali ake dubawa.

A watan Mayu ya zo Nijeriya. Ya yi jawabi a Jami'ar Ibadan, ɗalibai Musulmi suka sa masa suna Omowale, wato da Yarbanci ɗa ya dawo gida. Ya wuce Gana ya gana da Shugaba Kwame Nkrumah.

Kwanansa bai yi nisa ba bayan haka. Ran 21 ga Fabrairu, 1965, aka harbe shi yana shirin yin jawabi a Niyok. Yana da shekara 39. Ya bar 'ya'ya mata 4, matarsa ta haifi tagwaye mata bayan rasuwarsa. A 1966 aka ɗaure mutum 3 'yan tsohuwar ƙungiyarsa, a 2021 kotu ta wanke 2 daga cikinsu. Bayan mutuwar Ilaija Muhammad a 1975, ɗansa Warisuddin ya ja mafi yawan mabiyan zuwa ga Musuluncin da sauran Musulmin duniya suka sani.

Abin lura

Na farko, lokacin da masifa ta zaunar da mutum wuri ɗaya, lokaci ne da za a iya cin moriyarsa. Mai jinya, da mai takaba, da wanda rani ya zaunar ba aiki, kowa yana da sa'o'in da zai iya ba allo da littafi. Shafi ɗaya a yini ya isa farawa.

Na biyu, imani da ilimi tare suke tafiya. Imani ne ya sa Malkom ya nemi rubutu. Ilimi da tafiya kuma su suka gyara masa imaninsa. Wanda ya iya karatu yana iya duba abin da aka faɗa masa da kansa.

Na uku, wanda ya faɗi yana bukatar hannu. Ba don Ella da Wilfired ba, da labarin ya canza. In ɗanku ya dawo daga gidan yari, ko 'yarku ta dawo daga gidan miji, ku ba su wurin kwana da abin yi. Ku kawo su aji.

In da rai da rabo. Allah ya yaye wa kowa abin da ya dame shi, ya ba mu ilimi mai amfani, amin.

Wassalamu alaikum.