Jawabin Shugabar Mata: Baba Buhari da maƙwabtanmu

Iyayena da 'yan uwana matan APC na Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa.

'Yan adawa sun yi ta surutu a 2019, wai gwamnonin Maraɗi da Damagaram sun zo taron Baba Buhari a Kano. To mu da Nijar wa ya raba mu? Ku tambayi matan Babura, kasuwa tare muke ci, ga auratayya. A wajen Janar, tsaronmu daga maƙwabta yake farawa. Shi ya sa da aka rantsar da shi a 2015, Yamai ya fara zuwa, sannan Chadi, don a haɗu a yaƙi Boko Haram.

A 2019 an ɗage zaɓe, muka ce kada mu karaya. Muka ce Asabar 23 ga Fabrairun 2019 kowacce ta fito da katinta, a dangwala wa tsintsiya. Allah Ya ba mu sa'a.